Wakilin Wa? Tarihin Igiyar da ke Tsakanin Ɗan Majalisa da Masu Zaɓensa a Birnin Zariya

Gabatarwa

Duk almajirin da ya zauna a zauren wani malami a Unguwar Juma ko Limancin Kona, aka biya masa babin wakilci a littattafan fiƙihu, ya san abin da ake nufi da wakili. Idan mai gona ya wakilta mutum ya sayar masa da gonarsa a kan kuɗi kaza, to wakilin ba shi da ikon ragewa, in kuwa ya saɓa, ciniki bai ɗauru ba sai mai gona ya yarda. Haka kuma wanda ya wakilta yana da ikon sauke wakilinsa duk ran da ya so, sai dai a 'yan wurare kaɗan da malamai suka keɓe. Ko a wurin ɗaurin aure haka abin yake, wakilin ango ba ya karɓar abin da ango bai aike shi ya karɓa ba.

To, wannan kalma ce dai muka ɗauka muka laƙaba wa ɗan majalisa, har muka kira zauren da yake zama Majalisar Wakilai. Saboda haka mutumin Kwarbai ko Ƙaura da ya jefa ƙuri'a yakan zaci ya aiki mutum ne, kamar yadda mai gona ya aiki dillali. Nufina a wannan maƙala shi ne in bi tarihin birnin Zariya daki-daki, in nuna wa 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu cewa dokar ƙasa ba ta taɓa ɗaukar ɗan majalisa wakili irin na fiƙihu ba. A kowane zamani akwai wanda ke riƙe da igiyar mai mulki, amma sau da yawa ba mai ƙuri'a ba ne.

Kafin Zuwan Ƙuri'a

Bayan da Malam Musa ya shigo Zariya da tutar Shehu a 1808, Sarki Makau ya yi kudu, sai sarauta ta riƙa zagayawa tsakanin gidaje huɗu, wato Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa. Akwai masu zaɓen sarki, cikinsu har da Limamin Juma'a da Limamin Kona, amma abin da suka zaɓa sai Sakkwato ta tabbatar, ta hannun Waziri. Kuma Sakkwato ba naɗawa kaɗai take yi ba, tana tuɓewa. Ta tuɓe Sidi Abdulƙadir ɗan Malam Musa bai daɗe a gadon sarauta ba, ta tuɓe Sarki Abdullahi har sau biyu, ta kuma tuɓe Sarki Sambo. Wanda ke son ganin yadda wannan tsari ya gudana sai ya duba littafin da M. G. Smith ya buga a 1960 a kan mulki a ƙasar Zazzau.

Abin lura a nan shi ne, sarki yana da shari'a a kansa, yana kuma da wanda zai iya kama hannunsa, amma wannan mai kamawa yana sama da shi ne, ba ƙasa ba. Talakan da aka zalunta yana iya kai kuka gaban alƙali, ko ya nemi malamai su yi wa sarki nasiha, ko kuwa ya tattara nasa ya nasa ya yi ƙaura. Amma ba shi da hannu a naɗi, balle tuɓewa. Da Turawa suka zo ba su sake wannan fasali ba, sun dai karɓe igiyar ne daga hannun Sakkwato. Su suka kawar da Sarki Kwasau, suka naɗa Aliyu Ɗan Sidi a 1903, kuma su ne daga baya suka tuɓe shi suka kai shi Lakwaja.

Wakilan En'e

Tsarin mulkin Gwamna Richards na 1946 shi ya kawo majalisa a Kaduna, wadda ta fara zama a 1947. Waɗanda suka shiga cikinta daga larduna ba jama'a ta zaɓe su ba, En'e-En'e ne suka fitar da su daga cikin manyan ma'aikatansu. Mutum ne da albashinsa ke fitowa daga baitulmalin En'e, kuma gobe zai koma ya faɗi gaisuwa a fada. Ba sai an faɗa ba, an san wanda zai ji wa kunya in ya tashi magana.

A daidai wannan lokaci kuwa Zariya ta zama matattarar masu ilimin zamani. Nan ake buga Gaskiya Ta Fi Kwabo tun 1939 ƙarƙashin Malam Abubakar Imam, nan Malam Sa'adu Zungur ya yi koyarwa ya kuma tara samari suna muhawara, nan kuma Dokta Dikko da abokansa suka yi taron 1948 wanda yana cikin tushen Jam'iyyar Mutanen Arewa. A Kano kuma aka kafa Jam'iyyar Neman Sawaba, wato NEPU, ran 8 ga Agusta, 1950, ba da jimawa ba ta yi rassa a Zariya.

Zaɓen farko shi ne na 1951, a ƙarƙashin tsarin mulkin Gwamna Macpherson. Zaɓe ne mai hawa-hawa. Magidanta masu biyan haraji su taru a unguwa ko ƙauye su fitar da mutum, waɗanda aka fitar su taru a gunduma su sake tacewa, haka har a kai matakin lardi, inda 'yan tsirarun da suka rage za su zaɓi masu tafiya Kaduna. Daɗin daɗawa, doka ta ba En'e ikon cusa nata mutane, kashi goma cikin ɗari, a matakin ƙarshe. Da haka aka cika kujeru 90 na majalisar Kaduna, daga can kuma aka tsamo mutum 68 da za su wakilci Arewa a Ikko. Malam Abubakar Imam yana cikin waɗanda suka shiga majalisa a wannan karo. A Kano NEPU ta yi rinjaye a matakan farko, amma da aka kai ƙarshe ko kujera ɗaya ba ta samu ba. To, mai saƙa a Zariya da ya ɗaga hannu a ƙofar mai unguwa, ta yaya zai ce wane wakilinsa ne, alhali tsakaninsa da shi akwai rariya uku ko huɗu?

Akwatin Fartanya da na Tauraro

An fara jefa ƙuri'a kai tsaye a wasu manyan garuruwan Arewa a 1956, sannan a zaɓen tarayya na Disamban 1959 abin ya game ko'ina. Kowane ɗan takara da akwatinsa da alamarsa, fartanya ta NPC, tauraro na NEPU, mutum ya shiga shi kaɗai ya jefa. Wannan ne karo na farko da kowane baligi namiji a ƙasar Zazzau ya san sunan wanda ya aika Ikko. Daga cikin 'yan birni da suka zauna a wannan majalisa akwai Malam Nuhu Bamalli, wanda ya kai ga zama Ministan Harkokin Waje a 1965.

Amma na ce baligi namiji. Matan Arewa ba su da ƙuri'a a duk tsawon Jamhuriya ta Farko, ko da yake dokokin da majalisa ta yi suna hawa kansu. Hajiya Gambo Sawaba, wadda asibitin Ƙofar Gayan ke ɗauke da sunanta, ta sha ɗauri da duka a kan wannan magana. Sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976, sannan babban zaɓen 1979, mata suka samu shiga layi. Watau rabin mutanen birni sun yi shekara ashirin da biyar ana kiran wani wakilinsu ba tare da an tambaye su ba.

Su ma mazan da suka jefa ƙuri'a, ikonsu ya ƙare ne a bakin akwati. Tsarin mulkin 1960 da na 1963 ba su hana ɗan majalisa sauya sheƙa ba, ba su kuma ba jama'a hanyar dawo da shi gida ba. Mutum ya ci zaɓe da tauraro, ya wayi gari ya rungumi fartanya, kujerarsa tana nan daram. A zaɓen majalisar Arewa na 1961 NPC ta kwashe kujeru 160 daga cikin 170, 'yan hamayyar da suka rage kuma suka yi ta zarewa ɗaya bayan ɗaya.

Inda Aka Samo Wannan Ra'ayi

Kada mai karatu ya zaci mantuwa aka yi wajen rubuta waɗannan dokoki. Gado ne da muka ci daga Ingila, don haka ya kamata mu ɗan leƙa can. A 1774 wani ɗan majalisa mai suna Edmund Burke ya tsaya gaban mutanen birnin Biristol da suka zaɓe shi, ya gaya musu cewa zai saurare su, zai kuma fifita bukatarsu a kan tasa, amma ba zai karɓi umarni daga gare su ba. Hujjarsa ita ce, majalisa ba taron jakadun garuruwa ba ce, zaure ne guda na ƙasa guda, kuma abin da ya wajaba ya ba su shi ne hankalinsa da hukuncinsa. Mutanen Biristol ba su ji daɗin yadda ya yi aiki da wannan ra'ayi ba, musamman a kan cinikin ƙasar Ayalan, don haka a 1780 ya rasa kujerar. Ga dukkan darasin a dunƙule: ba a ba shi umarni, amma ana iya ƙin mayar da shi.

Ƙasashe da dama sun rubuta wannan ra'ayi ƙarara. Sashe na 27 na tsarin mulkin Faransa na 1958 ya ce duk wani umarni da aka ɗaura wa ɗan majalisa ɓatacce ne. Sashe na 38 na tsarin mulkin Jamus ya ce 'yan majalisa wakilan al'umma ne baki ɗaya, zuciyarsu kaɗai ke hukunta su. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram ma haka tsarin mulkin Nijar na 2010 ya tanadar musu, kafin sojoji su dakatar da shi a 2023, sai dai shi ya ƙara da cewa wanda ya fita daga jam'iyyarsa da kansa ya bar kujera.

Ni a ganina wannan ra'ayi ba a banza yake ba. Da a ce kowane ɗan majalisa ɗan aike ne kurum, da ba za a taɓa daidaitawa a kan komai ba a ƙasa mai yawan kabilu irin tamu. Kuma 'yancin da ke ba shi damar saɓa wa jama'arsa, shi ne dai ke ba shi damar saɓa wa masu iko. Mu tuna ran 16 ga Mayu, 2006, da Majalisar Dattawa ta yi watsi da gyaran tsarin mulkin da zai buɗe ƙofar ta-zarce, alhali jam'iyya mai mulki ce ke da rinjaye a cikinta.

Darasin 1981

Mu komo gida. Tsarin mulkin 1979, wanda Dokta Yusufu Bala Usman na Jami'ar Ahmadu Bello ya zauna a kwamitin tsara shi har shi da Dokta Segun Osoba suka fitar da rahoton marasa rinjaye, ya kawo sabbin abubuwa biyu. Na ɗaya, ba wata ƙungiya da za ta nema wa ɗan takara ƙuri'a sai jam'iyya. Na biyu, ɗan majalisar da ya sauya sheƙa zai rasa kujerarsa, sai fa in jam'iyyarsa ce ta dare. An ƙulla igiya ke nan, amma bakinta a hannun jam'iyya aka danƙa.

A zaɓen wannan shekara mutanen tsohuwar Jihar Kaduna, wadda ta haɗa Zazzau da Katsina, sun ba Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa na PRP kujerar gwamna, suka kuma ba NPN kusan kashi biyu cikin uku na kujeru 99 na majalisar jiha. Majalisa ta yi ta ƙin amincewa da sunayen kwamishinoninsa, har ya yi kusan shekara biyu ba shi da su, sannan ta tsige shi ran 23 ga Yuni, 1981. Shi ne gwamna na farko da aka yi wa haka a Nijeriya. Da aka je kotu, sai ta ce sashe na 170 ya hana ta sa baki a sha'anin tsigewa.

Ba ina nan ne don in raba gardamar wa ke da gaskiya tsakanin mai mabuɗi da mai gida da masara ba. Abin da nake so a duba shi ne matsayin mutumin Zariya a wannan rikici. Mai yiwuwa ne shi ɗin ne ya zaɓi gwamnan, ya kuma zaɓi ɗan majalisar da ya tsige shi. Ba a tambaye shi ba, kuma babu wata doka da ta ce a tambaye shi. In ya ji haushi, abin da ya rage masa shi ne ya jira 1983, kuma wata uku bayan rantsar da waɗanda ya zaɓa a wannan shekara, soja suka kwashe kowa da kowa.

Abin da Tsarin Mulkin 1999 Ya Tanada

A ƙarƙashin wannan tsari, mutumin birni yana zaɓen ɗan majalisar jiha, da ɗan Majalisar Wakilai na mazaɓar Zariya, da sanatan Kaduna ta Arewa. Kujerar Zariya ma ta yi fice, domin Tajuddin Abbas, wanda ya fara cin ta a 2011, shi aka zaɓa Shugaban Majalisar Wakilai a watan Yunin 2023. To, me doka ta ɗora wa duk wanda ya hau irin waɗannan kujeru?

Sashe na 14 ya ce mulki na jama'a ne, kuma tsaronsu da jin daɗinsu shi ne babban aikin gwamnati. Magana mai daɗi, amma tana cikin Babi na Biyu, wanda sashe na 6 ya ce ba a kai ƙara kotu a kansa. Rantsuwar da ɗan majalisa ke yi, ga Tarayyar Nijeriya da tsarin mulkinta yake yin ta, babu sunan mazaɓarsa a ciki. Alkawarin da ya yi a dandali, na rijiya ko asibiti ko aikin yi, ba yarjejeniya ba ce da alƙali zai tilasta masa cikawa. Abin da ya faɗa a zauren majalisa kuma doka ta kare shi daga ƙara a kansa. Ayyukan mazaɓu da muka fi auna shi da su ma, tsarin mulki bai ambace su ba. Aikinsa a rubuce shi ne yin doka, da amincewa da kasafin kuɗi, da bin sawun yadda aka kashe su.

Akwai dai 'yan sharuɗɗa. Sashe na 63 ya ce majalisa ta zauna aƙalla kwana 181 a shekara, sashe na 68 kuma ya ce wanda ya yi fashin fiye da sulusin kwanakin zama ba da hujja ba ya bar kujera. Wannan sashe dai ya maimaita hukuncin sauya sheƙa, kuma a 2015 Kotun Ƙoli ta yi aiki da shi a shari'ar Ifedayo Abegunde na Jihar Ondo, ta ce rikicin reshen jiha bai isa hujja ba, sai in uwar jam'iyya ce ta rabu. Amma wanda doka ta ɗora wa zartar da waɗannan hukunce-hukunce shi ne shugaban majalisa, shi kuwa ba kasafai yakan kori wanda ya sauyo sheƙa zuwa jam'iyyarsa ba.

Ƙofar Kiranye

Abu guda da ya yi kama da wakilcin fiƙihu shi ne kiranye, wanda ya fara bayyana a tsarin mulkin 1989, ya kuma zauna a sashe na 69 da na 110 na tsarin 1999. Ga yadda yake. Sai fiye da rabin duk masu rajista a mazaɓa sun sa hannu a takardar cewa sun yanke ƙauna daga wakilinsu. Sai hukumar zaɓe ta tantance waɗannan hannuwa. Sannan a yi ƙuri'ar raba-gardama cikin kwana 90, a samu rinjaye. A lura, masu rajista aka ce, ba waɗanda suka fito ranar zaɓe ba. A ƙasar da waɗanda suka fito zaɓen shugaban ƙasa na 2023 ba su kai kashi 30 cikin ɗari ba, ma'anar wannan ita ce cire mutum ya fi zaɓensa wuya nesa ba kusa ba.

An gwada a Jihar Kogi sau biyu. A 2017 aka kai takardar kiranyen Sanata Dino Melaye da hannu fiye da 188,000, amma da aka zo tantancewa a Afrilun 2018, hannu 18,742 kaɗai aka tabbatar. A 2025 aka kai ta Sanata Natasha Akpoti-Uduaghan, hukumar zaɓe ta ƙirga hannu 208,132 daga cikin masu rajista 474,554, ta ce ba a kai rabi ba. Dukkansu biyu sun ce abokan hamayya ne suka kitsa abin, wanda ke nuna cewa in an sassauta ƙofar ƙwarai, mai kuɗi da mai mulki ne za su riga talaka shiga. Ingila, da ta yi tata dokar a 2015, ta bi wata hanya: kashi goma cikin ɗari ya isa, amma sai in kotu ta kama ɗan majalisa da laifi ko majalisa ta dakatar da shi. Da wannan doka aka cire Fiona Onasanya a 2019.

Kammalawa

Idan muka tattara, za mu ga igiyar mai mulki a Zazzau ta fita daga hannun Sakkwato ta koma hannun Razdan, daga nan ta biya ta fadar En'e, ta ƙare a ofishin jam'iyya. Abin da mai ƙuri'a ya samu a wannan doguwar tafiya shi ne rana guda cikin shekara huɗu, da ƙofar kiranye mai nauyin buɗewa. Ba ƙaramin abu ba ne, don kakanninmu ko wannan ba su da shi, kuma an ɗaure mutane kafin a same shi. Amma wanda ya sayar da wannan rana a kan atamfa ko 'yan kuɗin cefane, ya sani babu kotun da za ta karɓo masa sauran kwanakin.

Saboda haka nake ganin akwai aiki a gaban ƙungiya irin tamu. Mu fassara waɗannan sassa da Hausar da tsohuwa a Unguwar Fatika za ta gane, mu karanta su a zauruka da gidajen rediyo. Mu riƙa rubuta alkawuran 'yan takara da ranar da suka yi su, don a fito da su in shekara huɗu ta cika. Mu nemi a riƙa kiran suna in ana ƙuri'a a kan manyan dokoki, kamar yadda Majalisar Dattawa ta yi a Yulin 2021 a kan aika sakamakon zaɓe ta na'ura, har kowa ya san inda sanatansa ya tsaya. Mu yi amfani da dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 mu tambayi inda kuɗin ayyukan mazaɓu suka shiga. Tunda kuma jam'iyya ce ke riƙe da igiya, to kada mu bar zaɓen fid da gwani a hannun 'yan tsiraru, don tun ran gini ake zane.

Ina fata masana shari'a daga cikin malamanmu za su ɗora daga inda na tsaya, musamman a kan ko ya dace a mayar da ma'aunin kiranye kan yawan waɗanda suka jefa ƙuri'a maimakon masu rajista. Filin wannan mujalla a buɗe yake ga mai ƙarin bayani ko mai ja.